Wanzami, Ɗan Allura da Mai Farar Riga: Tarihin Koyon Jinya a Zangon Wagadugu

Ga bayanin da ya zo cikin filinmu na tarihi, mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su suna wajen kiwo ko suna kan hanya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Maganar ta taso ne daga tambayar da iyaye ke yawan aiko mana. Yarinya ko yaro ya ɗan taɓa lakol, ana so a sa shi makarantar koyon jinya ya zama mataimaki a asibiti: ta wace ƙofa ake shiga, kuma aikin ya kai a sayar masa da bijimi? Maimakon mu amsa a tsaitsaye, sai muka ɗauki gari guda, Wagadugu ta Burkina Faso, da unguwa guda, Zangon Hausawa, mu bi sawun aikin tun daga tushe. Mutanen Nijar ku yi mana haƙuri, a wannan bayani in mun ce likita mutum muke nufi, gidan kuwa asibiti za mu ce masa.

Hausawa sun riga Nasara zuwa Wagadugu. Fataucin goro ne ya kai su. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da jan fata, ya tsallake Kwara ya nufi Gwanja, wato kasuwar Salaga, wasu ayarorin kuma su ratsa ta ƙasar Gurma da ƙasar Moshi. Inda madugu ya saba sauke jakuna nan zango ke kafuwa: wani ya yi aure ya zauna, wani ya haƙa marina, malami ya shimfiɗa buzu ya tara almajirai. Lokacin da Bafaranshen nan Binger ya biyo ta Wagadugu a 1888, ya tarar da Hausawa a ɗaya daga cikin ƙauyukan da suka haɗu suka zama birnin Moro Naba, sarkin Moshi. Daga kalmar zango ne Moshawa suka samo sunan da suke kiran Bahaushe, unguwar kuma ta zama Zangwetin, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Zangouettin. Shekara takwas bayan Binger, a 1896, sojan Faransa suka ci garin ƙarƙashin Voulet da Chanoine, su ne dai mutum biyun da suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899 suka yi karo da Sarauniya a Lugu.

To, kafin asibitin Nasara, wa ke jinya a Zango? Duk wanda ya tashi a zango, na Wagadugu ne ko na Kumasi ko na Lome, ya san amsar. Akwai wanzami da zabirarsa, shi ne mai kaciya, mai ƙaho, mai fasa maruru. Akwai maɗori ga wanda jaki ya kayar. Akwai ungozoma, ita ke yanke cibi, ta tsaya kan wankan jego har arba'in. Ga malam da rubutun sha, ga 'yar mai ganye. Su ma duk koyo suka yi, sai dai makarantarsu gado ce. Yaro ya yi shekaru yana ɗaukar wa ubansa zabira, yana wasa aska, yana riƙe ƙafar yaron da za a yi wa kaciya, kafin a yarda ya taɓa jikin mutum. Takardar shaidarsa bakin mutanen unguwa ne: in hannunsa na da kyau kowa ya sani, in ba shi da kyau ma kowa ya sani.

Ba za mu raina su ba, kuma ba za mu rufe ido ba. Maɗori nagari har gobe yana da ranarsa. Amma cire hakin wuya ga jariri, da yankan gishiri ga mace mai naƙuda, da aska ɗaya a kan yara goma, waɗannan sun ci rayuka. Sannan akwai abin da ya fi ƙarfinsu duka, wato annoba. In agana ta shigo gari, ko sanƙarau ya sauko da hunturu, ƙaho da rubutu ba su tare shi.

A 1905 gwamna-janar na Faransa da ke Dakar, Ernest Roume, ya kafa hukumar ba talakawan mulkin mallaka magani. Kada a ɗauka tausayi ne kaɗai. Mai karɓar haraji yana so mai biya ya rayu, ƙasar Moshi kuwa a idon Faransa rumbun lebura ce da soja. Matsalar ita ce likitoci farar fata ba su taka kara sun karya ba a ƙasa mai faɗin nan. Sai aka buɗe makaranta a Dakar a 1918 domin horar da 'yan Afirka su zama mataimakan likita da ungozomomin zamani. Houphouët-Boigny, wanda ya zama shugaban Kodebuwa daga baya, a can ya fito a 1925. Amma Dakar ta 'yan ƙalilan ce. A ƙasansu akwai tarin samari da suka koyi aiki a tsaye, a gindin likita: wanke miki, tafasa sirinji, riƙe maras lafiya, da kuma babban aikin da ba a cika ambata ba, tafinta. Likita ba ya jin Moshanci, ba ya jin Fulatanci, ba ya jin Hausa. Abin da mataimaki ya gaya masa shi ne ciwon. Ku riƙe wannan magana ta harshe, za mu sake cin karo da ita.

Wanda ya mayar da wannan koyo a tsaye ya zama makaranta sosai wani likitan soja ne, Eugène Jamot, kuma ciwon barci ne sanadi. Makiyaya sun san dangin wannan cuta fiye da kowa. Ƙudan tsando da ke sa wa shanu sammore shi ne ke sa wa mutum ciwon barci. Ƙwayoyin cutar 'yan gida ɗaya ne. Yadda saniya ke ramewa tana tafiya tana layi, haka mutum ke yi: zazzaɓi, kaluluwa a bayan wuya, sai barci da rana tsaka, wani ya taɓu a kai, daga nan sai kabari. A bakin kogunan Bolta cutar ta tashi ƙauyuka ɗungum.

Jamot ya yi suna ne a Kamaru, inda ya yaƙi cutar tun daga 1922. Ya baro can da tabo: wani likita da ke ƙarƙashinsa a yankin Bafia ya ƙara yawan maganin da ake yi wa mutane allurarsa fiye da ƙa'ida, ɗaruruwa suka makance, laifin ya hau kan Jamot. Wanda ke yi wa dabbarsa allura da ƙiyasin ido, balle wanda ke yi wa mutum, ya saurari wannan da kyau: likita ne mai digiri ya yi wannan ɓarna, don kawai ya ga kamar ƙari zai fi saurin warkarwa. A 1932 aka turo Jamot Afirka ta Yamma, ya sauka Wagadugu, a shekarar da Faransa ta rushe ƙasar Hot Bolta ta raba ta tsakanin Kodebuwa da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, da Nijar.

Dabararsa ita ce kada a zauna jiran maras lafiya, a bi shi har ƙauye. Wannan kuwa na bukatar hannuwa da yawa, sai ya buɗe makarantar horar da samari a Wagadugu. Bai nemi masu dogon karatu ba, don babu su. Ya rarraba aikin ne gunduwa-gunduwa, kowa ya ƙware a kan abu guda. Wannan aikinsa lalube wuya, mutum bayan mutum, yana neman kaluluwa. Wancan ya soka allura ya zuƙo ruwanta. Na gaba yana zaune a inuwa da madubin likita yana neman ƙwayar cutar tana motsi. Wani ya ɗebi ruwan ƙashin baya don a san ko ta kai ga ƙwaƙwalwa. Wani ya rubuta suna, wani ya yi allurar magani. Ayari ne sosai, da 'yan dako da akwatuna, su kwana nan su tashi can. Cikin shekara uku zuwa huɗu aka gano masu cutar wajen 70,000 a Afirka ta Yamma ta Faransa, adadin da ya ɓata wa kumandoji rai, don sun sha rubuta wa Dakar cewa ƙasarsu lafiya lau. Jamot ya koma Faransa ransa a ɓace, ya mutu a 1937.

Aikin bai mutu ba. A 1939 aka kafa hukuma mai cin gashin kanta ta yaƙi da ciwon barci a Bobo Julaso ƙarƙashin Gaston Muraz, makarantar ta koma can aka sa mata sunan Jamot, ta riƙa horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Daga 1945 aka ƙara musu kuturta da sauran manyan cututtuka. Tsofaffi da yawa sun tuna zuwan 'yan lalube wuya, kuma ba duka ke tuna su da alheri ba. Taron na dole ne, dogari na tsaye, wanda ya ɓuya a ci shi tara, allurar baya kuwa akwai zafi. Bafulatani kan kwashe iyalinsa ya shige daji da ya ji labarin zuwansu. Tsoron da wasu ke yi wa 'yan rigakafi har yau, wani sashinsa daga nan ya samo asali. Duk da haka su ne suka karya lagon ciwon barci a ƙasar, kuma mafi yawansu ko sakandare ba su taka ba. A wajen Ingilishi ma haka aka yi a arewacin Nijeriya, har aka tashi mutanen Anchau a ƙasar Zazzau aka gina musu sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

Akwai wata ƙofa ta biyu a Wagadugu, ta 'yan mishan. Fada-fada na Katolika sun sauka Kupela a 1900, Wagadugu a 1901. A 1931 wani fada wanda kuma likita ne, Jean-Louis Goarnisson, ya iso ya buɗe wurin maganin ido. Ya buɗe idon mutane da yawa har aka yi masa laƙabi da Faransanci, likitan haske. Shi ma ya ga hannunsa biyu ba su isa ba, ya shiga horar da samari da 'yan mata masu zaman zuhudu, 'yan ƙasa, su yi jinya. Shigar mata cikin aikin jinya na zamani a wannan gari, kaso mai yawa ta hannunsa ta biyo.

To ina 'yan Zango a duk wannan? Galibi suna gefe. Kuma in an dubi zamanin, ba wauta suka yi ba. Lakol mai ƙarfi a Wagadugu a hannun mishan take, uba na tsoron ya kai ɗansa Abdu a dawo masa da shi da wani suna. Fatauci na biya: goro, shanu zuwa Kumasi, fawa, dillanci, ɗinki. Yaro ya sauke Alƙur'ani ya kama sana'ar ubansa, me zai kai shi wanke miki a bariki? Mace kuwa a ce ta kwana a asibiti tana taɓa jikin maza, wannan ko a mafarki. Makiyayi shi ma lissafinsa ke nan, in yaro ya zauna aji wa zai bi shanu? Ba su kaɗai ba ne: ranar da Hot Bolta ta sami 'yancin kai, 5 ga Agusta 1960, ko yaro ɗaya cikin goma ba ya zuwa lakol a ƙasar.

Amma lissafin ya zo da bashi, mata ne kuma suka fi biyansa. Asibiti ya girma, aka buɗe babban asibitin Yalgado Ouédraogo a farkon shekarun 'yanci, haihuwa ta fara komawa can, sai ga shi masu farar riga kusan duk 'ya'yan wasu ne. 'Yar Zango da aka haifa a gari tana jin Moshanci, ita da sauƙi. Amaryar da aka kawo daga Ƙonni ko Illela fa? Bafulatanar da aka ɗauko daga ruga jini na zuba fa? Sai an nemo tafinta, tafintan kuma sau da yawa mijinta ne ko ƙanin miji, abin da ke damunta kuwa ba ya faɗuwa a gabansu. Ta ce ciwon ciki, a rubuta ciwon ciki. Wanda bai taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa ya rasa mai jin bakinsa ba, ba zai gane nauyin wannan ba.

Abin da ya fara sassauta lamarin shi ne makarantun da suka haɗa Larabci da Faransanci, waɗanda suka yaɗu bayan kafuwar ƙungiyar al'ummar Musulmi ta ƙasar a 1962. Yaro ya samu addininsa, in an dace kuma ya zauna jarrabawar satifika. Wannan takarda ita ce mabuɗi, domin tun zamanin Jamot ƙofar aikin jinya ba ta buɗuwa da gado, sai da takardar lakol komai ƙanƙantarta.

A 1977 gwamnati ta tattara horon ma'aikatan jinya ƙarƙashin makaranta guda, École Nationale de Santé Publique, wadda kowa ke kira ENSP. Daga baya aka sa mata sunan Dokta Comlan Alfred Quenum, ɗan Benin da ya shugabanci hukumar lafiya ta duniya reshen Afirka. Ta yi rassa a Bobo Julaso da Kudugu da Wahiguya da Fada Ngurma da Tenkodogo. A wancan zamani tsarinta kamar tsani yake. A matakin ƙasa akwai waɗanda Faransanci ke kira garçon da fille de salle, masu kula da ɗakin majinyata: tsabta, gyaran gado, kai maras lafiya da dawo da shi, wanke kayan aiki. A lokacin satifika ce ke kai mutum nan, horon kuma wajen shekara guda. Sama da su akwai ma'aikacin lafiya mai yawo ƙauyuka da mataimakiyar ungozoma, shekara bibbiyu. Sai ma'aikacin jinya mai birebe, sannan a can sama ma'aikacin jinya na ƙasa da cikakkiyar ungozoma, shekara uku. Alherin tsanin shi ne ana hawansa: wanda ya yi wasu shekaru a aiki yana iya zauna jarrabawar cikin gida ya koma makaranta ya ɗaga.

Damouré Zika na Nijar ya ishe mu misali cewa gado da makaranta ba dole su yi faɗa ba. Ɗan Sorko ne, masu kogi, gidan da ya gaji magani. Ya zama ma'aikacin jinya, ya fito a finafinan Jean Rouch, ya yi shekaru yana wa'azin lafiya a gidan rediyon ƙasa, ya rasu a 2009. Yau makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta gwamnati a Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Sai zamanin Thomas Sankara, wanda ya hau mulki a 1983, ya sauya wa ƙasar suna zuwa Burkina Faso a 1984. A ƙarshen wannan shekara, cikin mako biyu, aka yi wa yara fiye da miliyan biyu rigakafin ƙyanda da sanƙarau da shawara, har iyaye daga ƙasashen maƙwabta suka tsallako da nasu. Likitocin ƙasar duka ba za su cika motar kasuwa biyu-uku ba a lokacin. Ƙananan ma'aikata da 'yan sa-kai ne suka yi aikin. Daga nan aka ce kowane ƙauye sai ya samu ɗakin shan magani nasa. Aka gina fiye da dubu bakwai, ƙauye ya zaɓi namiji ɗaya da mace ɗaya, a horar da su 'yan makonni, a ba su akwatin magani.

Wannan shiri na biyu bai yi ƙarko ba, kuma dalilin faɗuwarsa ya shafi tambayar da aka yi mana kai tsaye. Ba albashi, an bar wa ƙauye ya riƙa ɗan taimaka musu. Maganin akwati ya ƙare ba a sake cikawa ba. Mai zuwa duba aikinsu ya daina zuwa. Damina ta faɗi, mutum ya koma gonarsa. Wasu kuwa suka riƙe sirinjin suka zama likitocin kansu, suna yi wa mutane allura a bayan ɗaki. Horon da ba takardar da hukuma ta sani a bayansa, ba albashi, ba babba a sama, ƙarshensa ke nan. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne ƙaramin asibitin da ake kira CSPS, mai ɗakin shan magani da ɗakin haihuwa da kantin magani, wanda ya ƙarfafa bayan taron Bamako na 1987. Shugabansa ma'aikacin jinya ne, shi ake ce wa manjo, da mataimakiyar ungozoma da mai yawon rigakafi a kan babur. Mafi yawan mutanen karkara a Burkina, tun daga haihuwa har mutuwa, waɗannan ukun ne likitocinsu. Su suka tari sanƙarau na 1996 da ya kama mutum sama da 40,000 a ƙasar, shekarar da ya yi ɓarna a Kano ma. Su kuma suka yi allurar sabon rigakafinsa da aka fara a Burkina a watan Disamba na 2010.

Zangon kansa kuwa, wanda ya je nemansa yau ba zai same shi yadda yake ba. A shekara ta 2000 gwamnati ta yanke shawarar mayar da tsakiyar birni wurin ofisoshi da manyan shaguna, shirin da ake kira ZACA. An yi zanga-zanga, an yi roƙo, amma a 2003 katafila ta shiga Zangwetin da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Kuluba, mutum wajen 12,500 suka tashi. A shekarar ce kuma babbar kasuwar Rood Woko, inda da yawansu ke neman abinci, ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Aka ba mutane filaye a gefen Waga 2000 da Nioko, nesa da kasuwa. An biya diyyar gini, amma ba a biyan diyyar maƙwabtaka. Tsohuwar da ake bugun ƙofarta da tsakar dare in naƙuda ta tashi ta koma wani gefen gari, wanzamin gidan ya koma wani. A ganinmu wannan warwatsewa ta koya wa iyalai da yawa abin da wa'azin shekara hamsin bai koya musu ba, cewa gida na bukatar nasa mutum a cikin asibiti.

Yanzu ga yadda ƙofar take. Hanya ta farko ita ce konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta gwamnati. Wanda ya ci, ya samu horo da aiki. Masu nema dubbai ne, gurabe kaɗan, rajista kuma ta koma ta intanet. Sai ɗan ƙasa ke zaunawa, kuma nan ne wasu 'yan Zango ke tuntuɓe: an haifi mutum a Wagadugu, an haifi ubansa a Wagadugu, amma ba a taɓa neman takardar zama ɗan ƙasa ba, sai ranar da ake bukatarta. Hanya ta biyu ita ce mutum ya biya kuɗin karatu da kansa, a ENSP ko a makarantu masu zaman kansu da suka cika gari tun daga shekarun 2000. Wannan ba ta zo da alkawarin aiki ba. In an gama sai a nemi asibitin kuɗi, ko ƙungiyoyin agaji, ko a jira gwamnati ta buɗe ɗauka. Sharuɗɗan shiga suna ta hawa, matakin da jiya satifika ke kai wa yau birebe ake nema, manyan matakai kuma sai mai bak. Saboda haka a nemi sanarwar shekarar da ake ciki daga ma'aikatar lafiya, kada a dogara da abin da wani ya yi shekara goma da suka wuce.

Ku 'yan kasuwa ba kwa sayen buhu sai kun soka masa ƙarfe kun ga abin da ke ciki. Makaranta ma haka. A tambaya ko tana da izinin buɗewa daga gwamnati, a ce a nuna takardar. A tambaya ko ɗalibanta na zauna jarrabawar ƙarshe ta ƙasa, domin takardar da mai makaranta ya buga da kansa ya sa hannu ba ta wuce ƙofarsa. A tambaya a wane asibiti ake koyon aiki da hannu, a je a gani. Wanda ke nufin ɗansa ya yi karatu a Burkina ya yi aiki a Nijar ko Nijeriya ko Gana, ya fara bincikawa a ƙasar da za a yi aikin, don kowace na da hukumar da ke tantance takardu, kuma takardun ƙananan matakai su suka fi wuyar tsallake iyaka. Farar riga da hula a hoto ba shaida ba ne, tela na ɗinka su.

A kuma gaya wa yaro gaskiyar aikin kafin a sayar da bijimin. Akwai amai da jini da kashin maras lafiya, akwai kwanan asibiti ranar salla, albashin matakin ƙasa kuma bai kai ribar ɗan kasuwa mai matsakaicin jari ba. Mataimaki ba ya rubuta magani, ba ya buɗe wurin allura a gida. Wanda ya shiga da wannan niyya ya ɓata hanya. Ana iya tura mutum ƙauye mai nisa, kuma kowa ya san halin da arewa da gabashin ƙasar ke ciki: rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan ƙananan asibitoci, mutum fiye da miliyan biyu sun bar gidajensu zuwa 2023. Sai dai wannan hali shi ya ƙara wa mai jin Fulatanci ko Hausa ko Gurmanci daraja. A wuraren da 'yan gudun hijira suka taru, a Kaya ko Dori ko Fada, macen da za ta ji ciwon mace ba tare da tafinta ba abar nema ce. Ga wanda karatunsa bai kai ga ENSP ba, tun 2016, shekarar da aka mayar da maganin mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, gwamnati ta ɗauki ma'aikatan lafiya na ƙauye sama da 17,000, bibbiyu a kowane ƙauye, da ɗan alawus na jaka ashirin a wata. An gyara kuskuren zamanin Sankara ke nan, ko da biyan kan yi jinkiri.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi kayar da 'ya'yan makiyaya tun kafin a kai ga jarrabawa, shi ne takardar haihuwa. Ba a zauna satifika sai da ita, balle konkur. Yaron da aka haifa a ruga ba a rubuta shi ba, ana iya samar masa madadinta ta hanyar hukuncin kotun da ke zama a ofishin perfe, a je da shaidu biyu da suka san haihuwarsa. A yi wannan tun yaro na ƙananan azuzuwa, a kuma duba yadda aka rubuta suna da shekara, domin harafi ɗaya in ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da ta lakol, sai a mayar da takardun mutum ranar rajista.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, filin zai koma kan malaman dabbobi da yadda aka yi da bushiya.